Takalmin gudu: ƙafarka za ka tambaya kafin mai shago



Duk wanda ke fitowa da sassafe ranar Asabar a nan Ibadan ya ga sauyin da aka samu. Matasanmu na Sabo, da magidanta, har da wasu daga cikin iyayenmu mata, sun fara fita sassarfa da tattaki. Wasu su bi ta Mokola su miƙa wajen Agodi, masu ƙarfin numfashi kuma su haura Oke Are har gindin hasumiyar Bower. Abin a yaba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya na son babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mu kuwa da yawanmu zaman shago da zaman mota sun cinye mu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da nake gani a ƙafafun masu fitar.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina yi wa wani dariya. A damunar bara mun yi hayar bas muka tafi Ado-Awaye don mu hau dutsen nan mu ga tafkin da ke samansa. Ana saura kwana uku na shiga wata kasuwar gwanjo na ga kambas mai babban suna, fes da shi, lamba 43, lambar da nake sawa tun ina sakandare. Na zura ƙafa na ji ya ɗan matse ni a gaba. Mai kayan ya ce, "Alhaji, ai zai buɗe, kwana biyu ne." Na biya na taho. Hawa lafiya lau muka yi shi. A saukowa ne na gane kurena. Kowane taku sai yatsuna su doki bakin takalmin, har muka iso ƙasa ina ɗingishi. Faratan manyan yatsuna biyu suka yi baƙi, ɗaya ya fita bayan 'yan makonni, kuma farcen ƙafa kan ɗauki kusan shekara kafin ya dawo yadda yake.

Nawa ma mai sauƙi ne. Wani ƙanenmu ɗan acaba ya zo da kambas na gayu mai sumul a ƙasa, santsin jiƙaƙƙen dutse ya kwashe shi, ya yi targaɗe a idon sawu. Mako biyu bai hau babur ba, ga mata ga yara. Wanda ya sauko cikinmu ko gezau kuwa wani yaro ne mai sayar da goro, da takalmin da ko sunan kamfaninsa ba mu taɓa ji ba. Sirrinsa kawai shi ne takalmin ya yi masa daidai, kuma ƙasansa na kama dutse.

Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayi ɗaya. Mu da ba mu da halin tara takalma kala-kala, na kwalta daban, na taɓo daban, na dutse daban, abin da ya kamace mu shi ne guda ɗaya mai shiga ko'ina, kuma wanda ya dace da ƙafar mai shi. Suna da launi su zo daga baya. In mutum ya juya wannan tsari, to ya sayi ciwo da kuɗinsa.

Ƙafarmu ba irin tasu ba ce

Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26, biyun sun tashi 52, wato kusan rubu'in ƙasusuwan jikin mutum ke nan a cikin takalminsa. Mafi yawanmu mun tashi ne da silifas ko takalmin fata buɗaɗɗe, wani lokaci ma ba takalmin. Irin wannan ƙafa yatsunta a baje suke, gabanta da faɗi. Yawancin kambas ɗin da ke shigowa kuwa an ƙera su ne da tsukakken baki, don masu ƙafar da ta saba da sau-ciki tun yarinta. Shi ya sa za ka ga tsawo ya yi maka daidai amma ƙaramin yatsa na kuka. Mutum sai ya ce bari ya ƙara lamba, ya ƙara har biyu, sai dunduniya ta koma tana fita a kowane taku. An gudu ba a tsira ba.

Maganin wannan akwai shi, sani ne ya yi ƙaranci. Kamfanoni irin su New Balance da Brooks da Asics suna yin takalmi iri ɗaya da faɗi daban-daban. A na maza, harafin D shi ne na kowa da kowa, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai. A na mata B ne na kowa, D mai faɗi. Ɗaga harshen takalmin ka duba 'yar takardar da ke jikinsa, in mai faɗi ne za ka gani a rubuce. Altra da Topo kuma dama da faffaɗan baki suke yin nasu. Wanda ya san wannan, ko a tsibin gwanjo zai iya tsinto abin da wasu suka tsallake.

Sannan mu daina rantsuwa da lamba. Takalmin da Nike ke rubuta wa 43, irinsa Adidas ke rubuta wa 43 da sulusi, Asics kuma 43 da rabi. Ga kuma lambar Ingila daban, ta Amurka daban. Ƙafar ma kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana ƙara faɗi da shekaru, da ƙiba, da haihuwa ga mata. Ni da nake riƙe da 43 shekara da shekaru, da na auna sai na tarar 44 da rabi ne nawa na gudu.

Awon ba wuya. Da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburin yini, ka sa safar da za ka riƙa gudu da ita, ka shimfiɗa takarda a jikin bango, ka tsaya a kai dunduniya na taɓa bangon. Wani ya ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lalle ne ya zama babban yatsa ba. A auna ƙafa biyun, domin da wuya su zo daidai, a ɗauki babbar. A ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan adadi shi za ka kwatanta da wanda aka rubuta CM ko JP a gefensa a jikin harshen takalmin, shi ya fi sauran lambobin faɗin gaskiya.

Ƙasar da za ka taka

Ka tuna hanyar da kake bi ranar Asabar. Ka fito kan kwalta, ka faɗa layin da ba kwalta sai jar ƙasa da zaizayar ruwa ta rarake, ka tsallake kwata, ka hau tudu mai tsakuwa, in an yi ruwa da dare ga caɓi. Duk a cikin kilomita biyar. Damunar Kudu kuma doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. Takalmin da aka yi don kwalta zalla zai yi ta zamewa da kai. Wanda aka yi don taɓo zalla kuma zai gajiyar da kai a kwalta.

Abin dubawa shi ne haƙoran da ke ƙasan takalmin. Masu tsawon milimita 5 zuwa 6 ko fiye, irin na Salomon Speedcross, an yi su ne don taɓo mai zurfi da ƙasa mai laushi, kuma a can ba su da na biyu. Amma in ka riƙa taka kwalta da su kullum, za ka ji kamar kana tafiya da takalmin ƙwallo a kan siminti, kuma haƙoran za su cinye da wuri. Mu abin da ya fi mana shi ne matsakaita, milimita 3 zuwa 4, masu faɗin kai, a jere kusa da juna amma da 'yar tazarar da taɓo zai riƙa fita. Nike Pegasus Trail da Hoka Challenger irin wannan aikin aka yi su domin shi, Brooks Cascadia kuma ya ɗan fi karkata ga daji amma yana jure kwalta. Na ambaci sunayen ne don a gane siffar, in ka samu wani mai wannan siffa ya yi.

Batun haƙoran nan ba ado ba ne. A shekarar 1935 wasu abokan wani ɗan Italiya mai hawan dutse, Vitale Bramani, su shida suka mutu a tsaunukan ƙasarsu, kuma an ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da ke ƙafarsu. Wannan ne ya sa ya ƙera ƙasan takalmi na roba mai haƙora, ya yi masa rajista a 1937 da taimakon kamfanin taya na Pirelli. Daga sunansa aka samo Vibram, tambarin nan mai ruwan ɗorawa da za ka gani a ƙasan wasu takalma. Direbobinmu sun fi kowa gane wannan magana, sun san abin da taya sumul ke yi a hanyar Legas in an yi ruwa.

Akwai kuma tarkon da mutanenmu ke faɗawa da murna, wato takalmin da ruwa ba ya shiga, wanda ake rubuta wa GTX ko Gore-Tex. Mai kaya zai ce maka ga na damuna. A ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara yana da amfani. A nan kuwa zafi zai dafa maka ƙafa da gumi, kuma in ka faɗa kududdufi ruwa ya shiga ta sama, to ya samu gida, ba ya fita. Daga nan sai bororo da wari da cin-ruwa a tsakanin yatsu. Mai raga-raga da ke shan iska, wanda zai jiƙe ya bushe da wuri, shi ne namu.

Abin da za ka yi a gaban mai kaya

Ka je da yamma, da safarka. Ka zaro shimfiɗar cikin takalmin ka aza a ƙasa ka tsaya a kai. In ƙafarka ta zubo ta gefe, ajiye shi, ko da kyauta ne. In ta zauna, ka duba ko akwai rarar da ta kai faɗin babban yatsan hannunka a gaba. Sannan ka sa ƙafa biyun, ka ɗaure igiya sosai kamar za ka fita. Abu uku kake nema: dunduniya ta zauna daram ba ta ɗagawa, tsakiyar ƙafa ta ji an rungume ta ba a shaƙe ta ba, yatsu kuma su iya motsi.

Kada ka tsaya a tsaye kawai. Ka taka, ka ɗan yi sassarfa, ka nemi gangare ko matakala ka sauko. In babu, ka doki ƙasa da bakin takalmin a hankali. Muddin yatsa ya taɓa gaba, abin da ya same ni a Ado-Awaye na jiranka. Kuma kada ka saurari "zai buɗe". Takalmin fata na baduku shi ke buɗewa. Na gudu da zaren roba aka saƙa shi, bakinsa kuma an ƙarfafa shi da gangan don kare yatsu daga tuntuɓe. Yadda ka same shi a ranar farko haka zai zauna.

Ramin igiya na ƙarshe da ke can sama, wanda yawancinmu ke bari fayau, yana da aiki. Ka zura kowace igiya a ramin gefenta ta yi 'yar kunne, ka ɗauki ta hagu ka zura a kunnen dama, ta dama a kunnen hagu, ka ja ka ɗaure. Wannan ɗauri na riƙe dunduniya, ya hana ƙafa zamewa gaba a gangare. Sai wata ɗabi'a tamu: saboda yawan cirewa da sawa a ƙofar masallaci da ƙofar ɗaki, mun saba take bayan takalmi mu mayar da shi silifas. In ka yi wa na gudu haka ka karya abin da ke riƙe dunduniyar, ya tashi aiki. A ware shi don fita kawai, a bar wa silifas aikinsa.

Ka lura kuma da bambancin tudun dunduniya da na gaba. Kambas na gudu da aka saba da shi dunduniyarsa kan fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, wasu kuma kamar yawancin na Altra a shafe suke. Babu wanda ya fi wani a wurin kowa. Amma wanda ya saba da mai tudu ya koma shafaffe rana ɗaya, agararsa da sha-raɓarsa za su gaya masa. In za a sauya, a bi a sannu.

Gwanjo ba laifi, in an buɗe ido

Sabon takalmi irin waɗannan a ƙasashen waje yana kaiwa dala 130 zuwa 170. Kowa ya lissafa da canjin yau ya san ba na kowa ba ne. Don haka ni ba na cikin masu kushe gwanjo, a can na sayi wanda nake sawa yanzu. Har na fi yarda da gwanjo mai kyau a kan sabon jabu mai ƙyalli, wanda tambari ne kawai a jikinsa, ciki kuwa kwali da gam.

Sai dai takalmin gudu na da iyakar rayuwa, kusan kilomita 500 zuwa 800, daga nan soson da ke tsakiyarsa ya mutu ko da samansa na sheƙi. Mai yin kilomita 5 sau uku a mako zai ci kilomita 780 a shekara, ka ga shekara ɗaya ke nan. Na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci nasa rabon. To ka danna soson da yatsa: in ya dawo, da sauransa, in ya yi tauri ko ya cika da tamoji a gefe, ya gama. Ka aza shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkace gefe ɗaya, ƙafar mai shi na farko ta riga ta sassaƙa shi, kuma gwiwarka ce za ta biya. Ka duba haƙoran dunduniya da na gaba ko sun shafe. Ka lanƙwasa shi ka ga ko gam na ɗagawa, don wanda ya daɗe a dila cikin laima yakan rabu biyu a fita ta farko. Shumeka zai iya ɗinke maka sama da ƙasa, amma ba shi da maganin mataccen soso.

Abin da na fi ƙi shi ne sayayya ta hoto da aike. An turo hoto a WhatsApp, ka ce a kawo 42, an kawo, ka ji kunyar mayarwa. Ko ɗan'uwa zai dawo daga tafiya ka ce ya taho maka da shi. Riga ana iya yi mata haka, tela zai rage. Takalmi kuwa sai mai ƙafa ya je da ƙafarsa. In dole sai an yi aike, a tura awon santimita, kuma a yi sharaɗin canji kafin a biya.

Masu cewa kakanninmu fa?

Na san za a ce duk wannan iyayi ne. Fatake sun taka daga Kano har Gwanja neman goro ba su san wani Hoka ba. Makiyayi na yini a daji da takalmin roba. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaƙi na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. A 2017 wata 'yar ƙabilar Raramuri ta ƙasar Meziko, María Lorena Ramírez, ta ci tseren kilomita 50 a cikin duwatsu da takalmin da aka yanka daga taya, ga siket a jikinta.

Duk gaskiya ne, kuma ina ganin hujjata suke ƙarfafawa. Bikila ya ajiye takalmin ne saboda wanda ya samu bai yi masa daidai ba, yana yi masa bororo. Da ya samu wanda ya dace, da takalmi ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964, kuma ya fi sauri. Darasin shi ne da takalmin da bai dace ba gara babu. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: bafatake da makiyayi da Lorena ƙafarsu ta ginu da tafiya tun suna yara. Kai da ka shekara ashirin a kan benci a shago, ga tumbi, ga kwalta mai zafi da fasassun kwalabe da ƙusoshi, ba ƙafarku ɗaya ba. Abin koyi a wurinsu shi ne tsada ba ta gudu, ƙafa ke yi.

Inda abin ya wuce wasa

Akwai waɗanda wannan magana ta fi shafa fiye da matasa masu hawan dutse, su ne dattawanmu masu ciwon sukari da likita ya ce su riƙa tattaki. Ciwon na iya kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum ya yi bororo ko tsakuwa ta yanke shi bai sani ba, ga shi rauni ba ya saurin warkewa. Ƙaramin gurzuwar takalmi na iya zama gyambo, gyambo ya kai ga abin da ba a fata. Duk mai irin wannan uba ko uwa, ya raka su da kansa a gwada, a zaɓi mai faɗi mai laushin ciki, a riƙa zura hannu a laluba cikinsa kafin a sa, a kuma duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan an dawo. In an ga rauni, asibiti za a nufa, kada a tsaya shafe-shafe.

Haka matanmu. Sau da yawa maigida ne ke sayowa da ka, ko a miƙa mata tsohon na ɗanta. Dunduniyar mace ta fi ta namiji siranta, takalmin maza sai ya riƙa cire mata. In ta ji ciwo sau biyu ta daina fita, sai a ce ragwanci ne. A bar ta ta je ta gwada nata.

In an samu wanda ya dace kuma, a riƙe shi da kyau. A wanke taɓo da ruwa da burushi, a zare shimfiɗar ciki, a cusa masa tsohuwar jarida, a shanya a inuwa mai iska. Rana mai ƙuna da bakin murhu suna sakin gam. Safar auduga na riƙe gumi, ta 'yan wasa ta fi. A yanke farce kafin a hau dutse. Kuma kada a ɓare sabon takalmi ranar doguwar tafiya, a fara da gajerun fita biyu ko uku.

Kafin fita ta gaba, kowa ya samu takarda da biro ya auna ƙafarsa. Ya auna ta maiɗakinsa, ya auna ta tsohonsa. Minti biyar ne, kuma ba ko sisi. Ni da na yi haka tun farko, da yanzu faratana goma cif.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya kiyaye mu daga tsautsayi.